Awon jinin hanta: tiya ɗaya ga kowa

Mun san gardamar da ke tashi a kasuwa in tiyar mai saye ta ɗara ta mai sayarwa. Hatsin ɗaya ne, lissafi ya bambanta. Irin wannan matsala tana nan a ɗakin awon jini na likita.

Cikin hantar mutum akwai sinadarai da ake kira anzim, masu gaggauta sarrafa abinci a jiki. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake rubutawa ALAT a takardar awo. In hanta ta kamu, misali da ciwon hanta nau'in B, sai ALAT ya tsiyaye cikin jini, lambarsa ta hau.

Ba a ƙidaya anzim kamar ƙwayar gero. Saurin aikinsa ake aunawa. Saurin nan kuwa zafi yana ƙara shi, kamar yadda nono ya fi saurin tsami da bazara bisa ga lokacin ɗari. A da, wasu ɗakunan awo suna aiki a zafin digiri 25, wasu 30, wasu 37. Jinin mutum guda sai ya ba da lamba uku.

Saboda haka masana suka nemi daidaito. A 1961 aka tsai da ma'aunin da ake rubutawa U ko UI. A 2002, ƙungiyar duniya ta masanan awon jini, IFCC, ta fitar da hanyar awon ALAT abar koyi, a digiri 37, watau zafin jikin mutum. Duk da haka, injuna da magungunan awo ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Lambar Maraɗi da ta Yamai suna iya saɓawa, alhali hantar ba ta sake ba.

Lokotoro yana duba hawa da saukar lambar nan kafin ya yanke shawarar magani. Don haka:

Mu adana kowace takardar awo, mu je da su duka.

In da hali, mu riƙa komawa ɗakin awo guda.

Mu gwada lambarmu da iyakar da aka rubuta a gefenta, kada mu gwada da takardar maƙwabci.

Mu kuma sani, ALAT yana iya zama daidai alhali ƙwayar cutar tana jiki. Ita awonta daban ne. Mu tambayi lokotoro a yi mana shi.