Siririyar Fankar Kwamfuta: Sanyayawa da Ƙara a Yanayin Birnin Katsina

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, ƙarshenta zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, wadda fuskarta ba ta kai faɗin kwalin ashana ba, tana iya fitar da zafin wat 15 a ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka, ko fiye da wat 100 a babbar kwamfutar tebur. Domin kada zafin ya taru wuri guda, akan ɗora wa furosesa wasu siraran bututai na jan ƙarfe waɗanda ke kwashe shi zuwa farantan alminiyum da aka jera reras kamar haƙoran mataji. Aikin fanka shi ne tura iska ta ratsa tsakanin waɗannan haƙora ta fice da zafin. Wannan maƙala ta dubi irin fankar da ake kira siririya, da abin da ake samu da wanda ake rasawa idan aka zaɓe ta, musamman ga mai aiki da kwamfuta a birnin Katsina.

Fankar da aka fi sanya wa kwamfutar tebur tana da faɗin milimita 120 da kaurin milimita 25. Da aka fara ƙera ƙananan akwatunan kwamfuta waɗanda ba su da yalwar ciki, sai buƙatar mai kaurin milimita 15 ta taso. Ragin milimita 10 kamar ba wani abu ba ne, amma a cikin wannan kauri ne fukafukan fanka ke samun lanƙwasar da suke kamfato iska da ita. Idan kaurin ya ragu, dole fiffiken ya kwanta, abin da yake ɗebowa a kowane juyi ya ragu.

Ana iya ganin haka a fankoki biyu na kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya. Bisa alƙaluman kamfanin, mai kauri, NF-A12x25, tana juyi 2,000 a minti, tana tura iska kubik mita 102.1 a awa, ƙararta desibel 22.6. Siririyar, NF-A12x15, tana juyi 1,850, tana tura kubik mita 94.2, ƙararta desibel 23.9. Wanda ya tsaya a nan zai ce bambancin bai taka kara ya karya ba, tunda yawan iskar bai ragu da ya wuce kashi 8 cikin ɗari ba. Sai dai akwai lamba ta huɗu, wadda ita ce ta fi muhimmanci, wato ƙarfin matsin iska: 2.34 ga mai kauri, 1.53 ga siririya, a ma'aunin milimitar ruwa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan ya tafi. Yawan iskar da ake rubutawa a kwali ana auna shi ne fanka tana fili, babu abin da ya tare ta. A cikin kwamfuta kuwa akwai rariya, akwai wayoyi, akwai haƙoran alminiyum, kuma matsi ne ke tilasta iska ta kutsa cikinsu. Fanka mai raunin matsi tana iya juyawa da kyau a ido, alhali iskarta a bakin ƙofa take tsayawa.

Hanyar cike wannan giɓi ita ce ƙara gudu, a nan kuma ƙara take shigowa. Injiniyoyi suna da ƙa'idojin da suka daɗe da tabbatarwa: idan aka ninka gudun fanka sau biyu, iskarta za ta ninka sau biyu, matsinta sau huɗu, wutar da take sha sau takwas, ƙararta kuma ta hau da kimanin desibel 15. Shi kuwa kunnen ɗan Adam, ƙarin desibel 10 yakan ji shi kamar an ninka sauti biyu. Idan aka bi wannan lissafi, kafin siririyar da aka ambata ta kamo matsin 'yar'uwarta, sai ta ƙara gudu da kusan kashi 24 cikin ɗari, ta kai juyi wajen 2,300, ƙararta ta ƙaru da desibel 4 zuwa 5. Kuma ba a ƙera ta don ta kai wannan gudun ba. Fankar cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi shiga wannan hali, domin kaurinta 'yan milimitoci ne, tana shaƙar iska ta tsakiya ta watsar ta gefe, tana juyi dubbai a minti. Shi ya sa kukanta ke da tsini yana damun kunne, ko da ma'auni bai nuna lamba mai yawa ba.

Abin da ya kamata mazaunin Katsina ya fi lura da shi shi ne, fanka ba ta sanyaya iska, kai-komo kawai take sa ta yi. Mutum yana jin daɗin fankar sama ne saboda gumin jikinsa yana bushewa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafar da take yi. Kwamfuta ba ta gumi. Saboda haka zafin furosesa kullum a kan zafin ɗaki yake hawa. Gwaje-gwajen da ake wallafawa a ƙasashen Turai galibi a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 ake yin su. A ɗauka cewa wata furosesa ta tsaya a digiri 75 cikin ɗaki mai digiri 22. Tazarar digiri 53 ce. A kawo wannan kwamfutar Katsina a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke kai digiri 40 har ya zarce, a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, sai ta kai 93. Furosesocin Intel da AMD na yanzu sukan rage wa kansu gudu idan suka kusanci digiri 95 zuwa 100 don kare kansu. Abin da ɗalibi zai gani shi ne kwamfuta ta yi nauyi, ko ta mutu ana tsakiyar aiki, sai ya zargi bairos ko tsufa.

Sai kuma ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi daga Sahara, fanka kuma tana shaƙar ta tana liƙa wa haƙoran alminiyum har ta zama kamar auduga. A lokacin ba a ganin illar, domin sanyin gari yana rufa asiri. Sai bazara ta shigo sannan hanyar da ta toshe ta haɗu da iska mai zafi. Fanka mai matsi tana iya jure toshewa na ɗan lokaci. Siririya ba ta da wannan rarar. Wannan ya shafi cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta, kuma a 2024 da 2025 a watan Afrilu aka fara ta. Ya shafi ɗakunan kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman Katsina, da shagunan buga takardu da ke kewaye da su. Kwamfutar da ta tsaya wa ɗan jarrabawa na minti biyar ba ƙaramar asara ta jawo masa ba. Lokacin da ya fi dacewa a buɗe kwamfutoci a kaɗe su shi ne ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kuma a riƙe fukafukan yayin hurawa, don kada iska ta juya su fiye da ƙima ta lalata gindin.

Gindin ma abin dubawa ne. Fankoki masu araha suna juyawa ne a kan hannun riga na ƙarfe da aka jiƙa da mai, zafi kuma yana busar da man da wuri. Gurnani ko ƙarar gogayya daga fanka alama ce ta wannan, ba ta yawan aiki ba. Masu ƙwallayen boris sun fi jure zafi, ko da yake sun ɗan fi surutu.

A ra'ayin mai wannan rubutu, neman shirun fanka da ake yi a Turai bai kamata a kwaso shi gaba ɗaya a kawo nan ba. A ɗakin da fankar sama ke kaɗawa, janareta na ruri a waje, bambancin desibel 2 ba mai jin sa. Inda shiru ke da daraja shi ne ɗakin naɗar murya, kamar na gidan rediyo ko na masu ɗaukar karatu da wa'azi, domin makirfo tana kama abin da kunne ya yi watsi da shi. A irin wannan wuri, fankoki biyu masu juyi a hankali sun fi guda ɗaya mai gudu, tunda ƙara fanka ta biyu desibel 3 kawai take ƙarawa, rage gudu da rabi kuwa yana sauke kimanin 15. Idan akwatin kwamfuta yana da wurin milimita 25, babu dalilin sanya siririya. Idan kuma babu wurin, to a nemi mai wayoyi huɗu wadda kwamfuta ke iya daidaita gudunta, a sa ta a inda iska ke fita salin-alin ba a bayan rariya ba. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ba shi da zaɓin fanka, amma yana da zaɓin wurin ajiyewa: katifa da darduma da filo suna toshe ƙofofin shaƙar iska da ke ƙasanta, ɗaga bayanta da santimita 2 a kan tebur ko faranti kuwa yana buɗe su.