Kafin ka haɗa kwamfutarka ta farko, ka tuna da wutar NEPA

Bidiyon minti bakwai ne ya kai ni Beirut Road a Kano. Aikin aji ne na shirin talabijin. Laftof ɗina mai RAM 4GB ta yi kusan awa biyu tana fitar da shi, ta ɗau zafi kamar dutsen guga, ana saura ƙiris ta mutu. Washegari kowa ya miƙa nasa ban da ni. Tun ranar na ƙudurta zan haɗa kwamfutar tebur da hannuna, in tace bidiyo da rana, da daddare mu buga eFootball da 'yan ɗaki. Wata takwas na yi ina tara kuɗin ɗaukar hoton biki.

Duk wanda ka tambaya a TikTok, katin girafik zai fara ambata maka. E, gem na son sa. Amma Premiere Pro RAM take ci: Adobe da kansu 16GB suke ba da shawara ga bidiyon HD, 32GB ga 4K. Don haka na ɗauki firosesa Ryzen 5 5600, madabod B550 da ya dace da ita, RAM DDR4 guda biyu masu 8GB-8GB, da SSD. Katin girafik kuwa na hannu na saya, GTX 1660 Super, sai da mai shago ya kunna min gem a kansa na rabin awa kafin na biya. Kada kunya ta hana ka yin haka. Ka kuma leƙa PCPartPicker ka ga ko kayan sun dace da juna, don DDR5 ba ta shiga ramin DDR4 ko da guduma.

Haɗawar yini guda ce da sukurdireba da YouTube. Na danna maɓalli, fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Wallahi sai da gumi ya karyo min. Ashe wayar HDMI na soka a jikin madabod, alhali 5600 ba ta fitar da hoto da kanta, sai ta katin girafik.

Inda na fi ganin samari na tafka asara shi ne fawa saflai, akwatin da ke raba wa kowane ɓangare wuta. Ba ya ƙyalli, ba ya ƙara gudun gem, shi ya sa ake rage masa kuɗi. Wani ɗan ajinmu ya zuba kusan komai a kati, ya sayi fawa saflai marar suna. Wata rana aka dawo da wuta da ƙarfi, madabod ya tafi, ya tafi da katin. Masu bidiyon da muke kallo daga Amurka ba sa zancen nan sosai, don ba a ɗauke musu wuta sau biyar a yini. Ni na sayi mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze, na ƙara UPS mai daidaita wuta. Minti kaɗan yake ba ka, amma sun isa ka adana aikinka ka kashe cikin natsuwa. Kuɗinsa ne ya sa na haƙura da fitilun RGB, kuma ban yi kewar su ba.

Sai zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Kada ka ajiye kes ɗin a ƙasa ko ka manna shi da bango, ka riƙa buɗewa kana busa ƙurar.

Na sake fitar da bidiyon nan na minti bakwai don gwaji. Kafin shayi ya huce ya gama. Monita dai har yanzu tsohuwar talabijin ɗin ɗakinmu ce, sai an samu wani bikin.