Iskar Da Ke Kashe Masu Haƙar Rijiya Da Kwasar Salga

'Yan'uwanmu da yawa a Ikko, Badun da Fatakwal abincinsu a cikin rami yake, wasu haƙar rijiya, wasu kwasar salga. Akwai wata iska da ke taruwa a irin waɗannan ramuka, masana na kiranta haidirojin salfaid. Daga ruɓewar ƙazanta take fitowa, warinta kamar na baragurbi, kuma da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta can ƙasan rami.

Makircinta shi ne, in ta yi yawa tana kashe jijiyar jin wari. Mutum ya ce wari ya tafi, alhali lokacin ne ta fi haɗari. Idan ta kai matuƙa, shaƙa ɗaya ko biyu sai mutum ya zube, domin tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da jini ya kai musu. Zura fitila cikin rami ba ya tona ta, hasali ma tana kama wuta. A garin Poza Rika na ƙasar Meziko, a 1950, ta tsere daga wata ma'aikatar gas ta kashe mutum 22.

Abin mamaki, jikin ɗan Adam da kansa yana yin ta 'yar kaɗan, tana saki jijiyoyin jini. Amma sa'ad da ƙwayoyin cuta suka shiga jini, gwaji a kan dabbobi ya nuna jiki yana yin ta fiye da ƙima, jijiyoyi su saki, ƙarfin jini ya faɗi, ƙoda da sauran gaɓoɓi su fara gazawa.

A 2005 wani masani a Amurka, Mark Roth, ya shaƙa wa ɓeraye kaɗan daga cikinta. Jikinsu ya yi sanyi, numfashi ya ragu ƙwarai kamar masu doguwar suma, daga baya suka farfaɗo lafiya. Aka sa rai za ta taimaki wanda ya zubar da jini da yawa kafin a kai shi asibiti, amma a kan tumaki abin bai yi haka ba.

To, in abokin aiki ya faɗi a rami, kada kowa ya bi shi. Sau da yawa mai ceto shi ne gawa ta biyu. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu tun farko, a jawo shi daga sama, a shimfiɗa shi a sarari, a garzaya asibiti ko da ya farka, don huhu yakan tara ruwa bayan wasu sa'o'i.