Haɗarin Babur: Wa Ke Biyan Kuɗin Gyara, Wa Ke Biyan Diyya?

A duk lokacin da babur ya yi karo da mota a Agege ko Ikorodu cikin jihar Legas, ko kuwa a unguwar Sabo ta Badun, shari'ar farko a bakin titi ake yin ta. Jama'a su taru, a ɗaga wanda ya faɗi, a duba fitilar da ta fashe da ƙofar da ta lotse, sa'an nan a shiga ciniki. Galibi kafin 'yan sanda su iso an riga an yanke abin da mai laifi zai biya, an tura babur wurin bakanike, kowa ya kama gabansa. Ba kasafai ake jin wani ya ambaci inshora ba, ko da kuwa takardarta tana naɗe a ƙarƙashin kujerar babur ɗin.

Wannan al'ada tana jawo hasara mai yawa ga 'yan kasuwar da suka zuba jari a harkar babura, wato masu sayen babur su ba yara aikin acaɓa ana kawo musu balas, da masu sayarwa bisa biya kaɗan-kaɗan, da kuma masu shaguna da kamfanonin da ke aika kaya gida-gida. Da yawansu sun ɗauki inshora a matsayin takardar da ake nuna wa ɗan sanda a shingen bincike kurum. Sai ranar da haɗari ya auku suke gane abin da suka saya da abin da ba su saya ba.

Tun shekarar 1945 aka kafa dokar da ta wajabta wa duk mai abin hawa a Nijeriya yin inshorar ɓangare na uku, kuma babur yana cikin abubuwan da dokar ta shafa. Bisa tsarin farashin da Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Janairu, 2023, kuɗin wannan inshora ga babur Naira 3,000 ne a shekara, kuma kamfani zai biya har Naira miliyan ɗaya a kan dukiyar wani da babur ɗin ya lalata. Na babur mai ƙafa uku Naira 5,000 ne, da diyyar da ta kai Naira miliyan biyu, yayin da ƙaramar motar gida ke biyan Naira 15,000 da diyyar Naira miliyan uku. Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda ta fara tilasta bin dokar a faɗin ƙasa bisa umurnin Sufeto-Janar Kayode Egbetokun.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, wannan inshora ta wanda aka buge ce. Tana biyan gyaran motar da babur ya kaiwa karo, da rumfar mai tireda da ya ture, da jinyar mai tafiya a ƙasa, da diyya ga iyalinsa idan rai ya yi halinsa. Amma babur ɗin da ya yi laifin, ko tankinsa ya tsage ko shasinsa ya lanƙwashe, kamfani ba zai ba da ko kwabo don gyaransa ba. Haka nan matuƙin da ya karye a ƙafa ba ya cikin lissafi. Shi kuwa fasinjan da aka goya, matsayinsa ya dogara ne kan abin da aka rubuta cikin yarjejeniyar, don haka wajibi ne mai babur ya tambaya tun ranar da zai biya kuɗi.

Wanda ke son a gyara masa nasa babur, sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da haɗari da gobara da sata. Tsarin 2023 ya tanadi cewa kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar da aka rubuta wa abin hawa ba. Ke nan babur ɗin da aka yi wa kuɗi Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu zai biya aƙalla Naira 60,000 a shekara. Ga mai babur ɗaya wannan nauyi ne, amma ga mai babura ashirin da ke kan titi daga asuba zuwa dare, da wuya shekara ta ƙare ba tare da ɗaya ko biyu sun shiga hannun bakanike ba. Waɗanda ke ƙyamar inshora saboda dalilan addini suna da mafita a kamfanonin takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, waɗanda suka sami lasisi a 2016.

Sai dai kuma kafin a kai ga neman diyya, akwai ramuka biyu da 'yan kasuwa ke yawan faɗawa ciki. Na farko shi ne takardar jabu. An daɗe ana kokawa da 'yan kamasho da ke shawagi a harabar ofisoshin yin lamba, suna sayar da takardun da ba su da tushe a wani kamfani. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya, NIA, tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake shigar da lambar abin hawa ta wayar hannu a ga ko inshorar tana da rajista. Binciken ba ya ɗaukar minti biyar, kuma ya fi amfani a yi shi ranar da aka karɓi takarda, domin idan aka bari sai bayan haɗari, babu kamfanin da za a kama.

Rami na biyu ya fi na farko zurfi, domin takardar sahihiya ce, amma an ɓoye gaskiyar aikin da babur ke yi. Idan aka rubuta cewa na hawan gida ne, sa'an nan aka sa shi ɗaukar fasinja ko kai saƙo don kuɗi, kamfani yana da hujjar ƙin biyan gyara. Haka lamarin yake idan aka miƙa babur ga matuƙin da ba shi da lasin rukunin A, wanda shi ne na babura. Masu ba da babur bisa biya kaɗan-kaɗan suna da wata matsala ta daban. Muddin mai karɓa bai gama biya ba, dukiyar ta mai bayarwa ce, saboda haka ya dace sunansa ya fito cikin yarjejeniyar inshora. In ba haka ba, kuɗin diyya na iya faɗawa hannun wanda har yanzu ake bin sa bashi.

Idan haɗarin ya auku, bayan an garzaya da masu rauni asibiti, abin da aka yi cikin yinin farko shi ke yanke makomar diyya. Ana bukatar hotunan wurin kafin a janye ababen hawa, da lambar ɗaya abin hawan da sunan kamfanin inshorarsa, da sunayen shaidu, da rahoton 'yan sanda, musamman idan akwai rauni ko mutuwa. Daga nan a sanar da kamfani ko dillalin inshora nan take, domin kowace yarjejeniya tana da wa'adin sanarwa. Har ila yau akwai sharaɗin da ya yi karo da al'adar bakin titi kai tsaye: ba a yarda mai inshora ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biyan kuɗi ba tare da izinin kamfani ba. Wanda ya ciro Naira 40,000 daga aljihunsa ya ba direban mota don a rabu lafiya, kada ya sa ran kamfani zai mayar masa.

A wajen gyara ne aka fi samun saɓani. Ɗan kasuwa yana lissafin balas ɗin da ke wuce shi kowace rana babur yana ajiye, don haka hankalinsa yana kan a kwance a ɗaura a koma titi. Shi kuwa kamfani yana so a kawo masa ƙiyasin kuɗin gyara a rubuce, ya aiko injiniyansa ko mai tantance hasara ya ga ɓarnar da idonsa, sa'an nan ya ba da izini. Idan bakanike ya riga ya sauya fok da wili ya jefar da tsofaffin, hujja ta tafi. Gaskiya ne jiran yana da ciwo, kuma jan ƙafar wasu kamfanoni yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka yanke ƙauna daga inshora, amma mai babur ɗin da ya yi gaggawa shi ya ba su uzurin da suke nema.

Ko bayan an amince, kuɗin da zai fito ba ya kai abin da aka kashe dukkansa. Ƙa'idar inshora ita ce a mayar da mutum matsayin da yake kafin haɗari, ba a ƙara masa ba. Saboda haka idan aka sa sabuwar taya a madadin wadda ta riga ta cinye, za a rage wani abu a kan lalacewar da tsohuwar ta yi. Akwai kuma wani kaso na farko da mai inshora ke ɗauka da kansa a kowane haɗari, wanda adadinsa yana rubuce a takarda. Bambancin farashi tsakanin kayan gyara na asali na Bajaj ko TVS da makamantansu masu araha, waɗanda ake samu a kasuwar Nkwo ta Nnewi da sauran kasuwanni, shi ma yana jawo gardama, kuma rasit ne kaɗai ke raba ta.

Faɗuwar darajar Naira ta ƙara dagula lissafin. Kafin gwamnati ta saki farashin canji a watan Yunin 2023, Dalar Amurka tana kusan Naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Da yake babura da kayan gyaransu daga Indiya da Sin ake shigo da akasarinsu, farashinsu ya bi sahu. Ɗan kasuwar da ya ci gaba da sabunta inshorarsa a kan tsohon farashi yana biyan kuɗi kaɗan, amma idan babur ya lalace yadda gyaransa ya kusa kai kuɗin sayensa, kamfani zai ɗauke shi a matsayin hasara ɗungurungum, ya biya abin da bai wuce adadin da aka rubuta ba, ya kuma karɓe ragowar ƙarfen. A misali, wanda ya rubuta Naira 500,000 ba zai karɓi fiye da haka ba, ko da sabon babur ya ninka wannan kuɗi a kasuwa.

Idan kuwa mota ce ta buge babur kuma laifin na direbanta ne, mai babur ya zama shi ne ɓangare na uku, kuma yana da ikon neman kuɗin gyara da na jinya daga kamfanin inshorar motar. Wannan hakki ne da 'yan acaɓa da dama ke yafewa cikin rashin sani, su karɓi kuɗin fenti da na allura su tafi, sa'an nan bayan mako guda hoton asibiti ya nuna tsagewar ƙashi. Bugu da ƙari, kamfanonin da ke ɗaukar matuƙa aiki da albashi suna ƙarƙashin Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta musu zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi ga asusun NSITF, domin jinyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki.

Mataki na ƙarshe shi ne takardar sallama da kamfani ke kawowa a sa hannu, wadda ke nuna cewa an yarda da adadin da aka yanke kuma magana ta ƙare. Bayan sa hannu da wuya a sake buɗe zancen, don haka wanda jinyarsa ba ta kammala ba ya kamata ya yi nazari kafin ya ɗauki alƙalami. Dokar Inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan wannan takarda. A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta maye gurbinta, wadda ta ƙara yawan jarin da ake bukata daga kamfanoni, ta tsaurara hukunci kan jinkirin biyan diyya, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe. Wanda aka ƙi biyansa ko aka yi ta yi masa jeka-ka-dawo yana iya kai ƙara sashen karɓar koke-koke na NAICOM, tare da lambar yarjejeniyarsa, da rasit ɗin biyan kuɗi, da kwafin duk wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da kamfanin.