Me Ya Sa Ba a Kafa Babbar Na'urar Hangen Taurari a Yauri Ba?

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin Tafkin Kainji, ko ta wajen Ngaski ko Shanga, ya san yadda taurari ke cika sama idan gari ya yi duhu. Ga Zara, ga Kaza da 'Ya'yanta, kamar ka miƙa hannu ka tsinko. To me zai hana masana su kafa babbar na'urar hangen nesa a nan?

Amsar tana cikin taswira. Kafin a kashe kuɗi, masana kan tara bayanan yanayi na shekaru da hotunan tauraron ɗan Adam, su jera su a kwamfuta ɗaya bisa ɗaya: taswirar gajimare, ta laima, ta ƙura, ta tsawon ƙasa, da ta hasken birane da dare. Inda ya kasa, sai a soke shi.

Mu gwada Yauri. A duhu mun ci, domin fitilunmu ba su kai na Legas ba. Daga nan sai labari ya sauya. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, gajimare ya rufe sama. Da ta ɗauke, hunturu ya kwaso ƙura tun daga Bodele ta ƙasar Chadi, hazon nan da kan hana mu ganin jinjirin wata. Tafkin kansa, wanda ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968, yana tayar da tururi. Kuma a kwari muke, iska mai kauri na bisanmu. Ƙyaftawar taurari da ke burge mu, motsin iskar nan ne, kuma shi ke dagula hoto. Abin da muke sha'awa, shi masana ke gudu!

Shi ya sa a 2010 hukumar ESO ta Turai ta zaɓi dutsen Cerro Armazones da ke hamadar Atakama a Chile, mai tsawon sama da mita 3,000, don gina na'ura mai madubin da faɗinsa ya kai mita 39. Sama a can garau take kusan duk shekara. A nahiyarmu kuwa akwai SALT a Sutherland ta Afirka ta Kudu, wadda aka buɗe a 2005.

Amma na'urar da ke sauraren sama ta igiyar rediyo ba ta damu da gajimare sosai ba. Hayaniyar wayoyi ce abokiyar gabarta. Ghana ta ƙaddamar da irinta a Kuntunse a 2017, faranti mai faɗin mita 32. Da za a zana wa Kebbi wannan taswira, ƙauyen da ake hawa bishiya neman sabis ne zai zo na ɗaya.