Guguwar Cikin Tukunya Ita Ce Ke Yanke Farashin Sabon Makamashi

A watan Yulin 2024, shugaban aikin ITER, Mista Pietro Barabaschi, ya bayyana cewa na'urar da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, ba za ta fara aikin bincike ba sai shekarar 2034, kuma za ta ci ƙarin kuɗi kimanin Yuro miliyan dubu 5. Annobar korona da lahanin da aka gano a wasu sassan na'urar suna daga cikin dalilan jinkirin. Tarayyar Turai ce ke ɗauke da kusan kashi 45 cikin ɗari na kuɗin ginin, sauran kuma Amurka, Rasha, Sin, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu ne suka raba.

Manufar aikin ita ce samar da makamashi ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra na haidurojin, kamar yadda ake yi a cikin rana. Domin haka sai an dafa iskar gas har ta kai digiri miliyan 150, ta koma abin da masana ke kira filasma. Tun da babu ƙarfen da zai jure wannan zafi, akan tsare ta ne da ƙarfin maganaɗisu a cikin wata tukunya mai siffar awarwaro, wadda ake kira tokamak.

To amma filasma ba ta zama lafiya. Ƙananan guguwowi kan tashi a cikinta, suna kwashe zafi daga tsakiya zuwa gefe, kamar tulu mai yoyo. Maganin farko shi ne ƙara girman tukunyar, yadda zafin zai daɗe bai fice ba. Daga tsakiyar awarwaron zuwa tsakiyar filasma, na'urar JET ta Ingila tana da kimanin mita 3. ITER kuwa mita 6.2 ce, nauyinta tan 23,000. Asalin tsadar ke nan, domin girma shi ke cin kuɗi.

Magani na biyu ya fi araha. A 1982, masanin nan Friedrich Wagner ya gano a na'urar ASDEX ta Jamus wani yanayi da filasma ke riƙe zafinta kusan ninki biyu. Daga baya aka fahimci cewa idan sassanta suna juyawa da gudu mabambanci, sukan yayyaga guguwowin tun ba su girma ba. A kan wannan yanayi ne aka ɗora lissafin ITER na samun megawat 500 daga megawat 50 na dumama.

A ƙananan na'urori, akan juya filasma ne ta hanyar harba mata ƙwayoyin zarra masu gudu. A babbar na'ura kuwa, wannan turi ba ya taka kara ya karya. Abin da ke ƙarfafa gwiwa shi ne, a shekarun 1990 an ga filasma tana juyawa da kanta a na'urar Alcator C-Mod ta jami'ar MIT da ke Amurka. Bincike ya nuna cewa guguwowin ne da kansu ke ɗaukar ƙarfin juyawa daga wani sashe zuwa wani. Ke nan ɓarawon zafin yana iya zama mai gadinsa, kuma da manyan kwamfutoci ake lissafa yadda hakan zai kasance a ITER.

'Yan kasuwa ba su tsaya jira ba. A 2021 kamfanin Commonwealth Fusion Systems ya tara Dala miliyan 1,800 domin gina SPARC, na'ura mai mita 1.85 kacal, bisa dogaro da maganaɗisu mafi ƙarfi. Sai dai har JET ta rufe a ƙarshen 2023, bayan ta kafa tarihin megajul 69 cikin kimanin daƙiƙa 5, wutar da ta sha ta ɗara wadda ta bayar.

Saboda haka, mai niyyar zuba jari a wannan fanni ya kamata ya fara tambayar tsawon lokacin da na'ura ke riƙe zafinta, da hujjar da ke bayan lissafin. Amsar ita ce za ta nuna girman tashar, girman kuma shi zai yanke farashin kowane kilowat.