Daga Fadamar Haɗejiya Zuwa Ɗakin Hoton CT

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bakin kogi, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ya san yadda yara ke wuni cikin ruwa idan kogi ya kawo. Suna iyo, suna kamun kifi da koma, suna taya iyaye dashen shinkafa, ƙafa cikin taɓo har gwiwa. Ya kuma san cewa idan yaro ya yi fitsari aka ga ɗigon jini a ƙarshensa, da wuya hankalin wani ya tashi. Sai a ce tsargiya ce, kowa ya yi ta, za ta wuce. Wannan sabo shi ne ke cutar da mu, domin ranar da jinin ya dawo wa mutum yana da shekara 45 ko 50, sai ya ɗauka tsohuwar abokiyar ƙuruciya ce ta waiwayo shi.

Tsargiya tsutsa ce da ke renon kanta a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mutum, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a birnin Alƙahira a 1851. Ƙwayayen da suka maƙale a bangon mafitsara suna ta gurzar sa shekara da shekaru, har wurin ya sauya hali. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. A yankinmu kuwa, tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canja, kacalla ta cika magudanai, ruwa ya riƙa kwanciya inda a da yake wucewa. Irin wurin da dodon-koɗi ke so ke nan.

To idan likita ya yi zargin ƙari a mafitsara, me hoton CT ke yi masa? Hoton eksire da muka saba da shi inuwa ce guda, ƙashi da tsoka da hanji duk sun hau kan juna. Na'urar CT kuwa zagaya jiki take yi da hasken eksire daga kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa lissafin, ta fito da jikin gunduwa-gunduwa, kamar yadda mai kifi a kasuwar Haɗejiya ke yanka tarwaɗa, kowace gunduwa ka ga ƙaya da tsoka da kitse a muhallinsu. Bambancin kawai, a nan babu wuƙa. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, kuma mutum na farko da aka ɗauka da ita, a wani asibiti a Landan a 1971, mace ce da ake zargin tana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Wato tun ranar farko da neman ƙari aka fara. A 1979 shi da Allan Cormack suka karɓi lambar yabo ta Nobel. Har yau da sunansa ake auna kaurin abin da hoton ya nuna: ruwa sifiri, iska 1000 ƙasa da sifiri, ƙashi can sama. Shi ya sa mafitsarar da tsargiya ta daɗe tana ci takan fito da farin zobe a gefenta, alamar matattun ƙwai da suka daskare kamar alli.

Babban aikin hoton shi ne amsa tambayar da magani ya dogara a kanta: ina cutar ta kai? Likita yana duba girman ƙarin, da ko ya tsaya a bangon mafitsara ko ya ɓulla waje. Yana duba ko ya toshe bututun da ke sauko da fitsari har ƙoda ta kumbura. Yana duba kaluluwar cikin ƙugu, sannan hanta da huhu da ƙashi. Da wannan ake sanin matakin cutar, daga na ɗaya zuwa na huɗu, a yanke shawara ko tiyata ce, ko allurar ƙarin ruwa ta sankara, ko gashi da na'ura. Masu gashin ma da hoton CT suke zana iyakar wurin da za su ƙona don kada su taɓa nama mai lafiya. Bayan watanni a sake ɗauka a gwada: a ƙa'idar da likitoci ke bi, raguwar girman ƙari da kashi 30 cikin ɗari na nuna magani na ci, ƙaruwar kashi 20 kuwa na nuna cuta na gaba.

Sai dai hoto ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ƙaramin ƙari da ke shimfiɗe a bangon mafitsara yana iya ɓuya masa. Dole a zura siririn madubi a leƙa ciki, a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Mutanenmu da yawa suna tsoron wannan mataki, suna cewa idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Abin da ke baza shi watannin da ake ɓatawa ne ana jiƙe-jiƙe a gida.

Ɗaukar hoton kanta ba ta da zafi. Mutum zai kwanta a kan siririn gado, gadon ya shige cikin wani babban zobe, ma'aikaci ya ce daga bayan gilashi, "Baba, ja numfashi, riƙe, to saki." Sau da yawa ana ɗura wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya don ƙari ya fito sarai. Mutum zai ji ɗumi ya ratsa shi, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, cikin 'yan mintuna an gama.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga mutanen Haɗejiya. Ƙoda ce ke tace wannan ruwa ta fitar da shi, kuma kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi garuruwan wannan kogi, daga Haɗejiya har Gashuwa. Don haka a yi gwajin jini na ƙoda kafin allurar, kuma mai ciwon suga, da mai juna biyu, da wanda allurar ta taɓa yi wa illa, su faɗa tun kafin a tambaye su. Haka kuma hoton CT na ciki guda ɗaya ya ninka eksiren ƙirji sau gommai wajen yawan hasken da jiki ke sha. Ba abin da mutum zai nema don kansa ba ne saboda yana da kuɗi; likita ne ke auna amfani da illa.

Sauran matsalar ita ce nisa. Majinyata da yawa sai sun yi tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wasu daga nan a tura su Shika a Zariya ko Abuja. Kuɗin mota, da masauki, da mai jinya, da kuɗin hoto, duk a wuyan manomin da sai ya sayar da buhunan shinkafa ko akuya. Yankin da ke ciyar da jama'a da shinkafa da kifi ya cancanci na'ura a kusa, tare da abin da ke raya ta: wuta mai ɗorewa, injiniyan gyara, da likitan karanta hoto, ko da ta intanet zai karanta daga Dutse ko Kano.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Idan aka kawo ƙwayar maganin tsargiya makarantu, mu bar 'ya'yanmu su sha. Wanda aka ɗauka hoto ya adana faifan hoton da takardar sakamako cikin leda, nesa da ruwan damina, domin da shi za a gwada na gaba. Babban mutum kuwa da ya ga jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne, ko da babu zafi, ya nufi asibiti a makon nan, kada ya ce sai an gama girbi. Na'urar, gaskiya take faɗa wa kowa, amma wanda ya zo da wuri ne gaskiyar ke yi wa amfani.